A Daina Cinikin Biri A Sama Wajen Sayen 'Yan Tsaki

Sanin kowa ne cewa a kiwon kaji masu ƙwai riba tana ga mace. Sai dai ɗan tsako mai kwana ɗaya ba ya nuna jinsinsa ga wanda ba gwani ba, kuma ta nan ne ƙananan masu kiwo a Ebute Metta da Agege ke iya tafka asara. Mutum zai sayi kwali mai 'yan tsaki 50 a hannun dillali kan farashin mata, ya yi ta ɗura musu abinci da magani, sai bayan mako 5 ko 6 ya tarar an cakuɗa masa da zakaru. Ga shi kuwa abinci ne ke cinye kaso mafi tsoka na kuɗin kiwo, kaza kuma ba ta fara ƙwai sai wajen mako 18 zuwa 20.

Alhali hanyoyin tantancewa sun daɗe da samuwa. Tun 1933 masanan Japan, Masui da Hashimoto, suka wallafa dabarar duba duburar ɗan tsako, wadda ke buƙatar dogon horo. Akwai kuma mai sauƙi, ta launi. A irin ISA Brown mace jaja-jaja take fitowa, namiji fari-fari. A wasu baƙaƙen iri kuwa namiji ne ke da ɗigon fari a ka. Wannan ilimi ba ya cin mai kiwo ko kwabo.

Namijin ma ba asara ba ne a Nijeriya. A Turai an daɗe ana hallaka shi ranar ƙyanƙyasa, har Jamus ta haramta hakan daga farkon 2022. A nan kuwa zakara na da kasuwarsa a Oyingbo, musamman lokacin Sallah da Kirsimeti. Laifin shi ne a sayar da shi da sunan mace.

Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwar kaji na Legas su wajabta wa dillalai ba da rasit mai ɗauke da sunan kamfanin ƙyanƙyasa, da iri, da jinsi, su kuma ɗauki nauyin horar da matasa aikin tantancewa. Mai saye shi ma ya guji ruɗin sauƙin farashi, domin araha ba ta ado.