Wasan Kyauta Ya Fi Na Kuɗi Tsada

Tun wajen shekarar 2011 ake yi wa na'urar gem ta hannu jana'iza. Masu sharhin kasuwa a Amurka da Turai sun yi ta rubuta cewa kwananta ya ƙare, tunda ga babbar waya a aljihun kowa, ga kwamfutar hannu mai kama da allo, kuma dukkansu cike suke da wasanni na kyauta. Wa zai ciro kuɗinsa ya sayi wata na'ura daban, wadda ba a kiran kowa da ita, ba a tura kuɗi da ita, aikinta wasa kawai? Yau an fi shekara goma ana wannan magana, gawar kuma ta ƙi kwanciya. Ni ina cikin masu cewa ba za ta kwanta ba, kuma duk mai son wasa na gaskiya, ko mai yaro a gida, bai kamata ya yi mata fatan mutuwa ba.

Bari in fara ba masu jana'izar haƙƙinsu, don ba a banza suka haƙa kabarin ba. Kafin babbar waya ta yi ƙarfi, kamfanoni biyu na ƙasar Japan ne ke riƙe da wannan kasuwa. Nintendo DS da ta fito a 2004 an sayar da ita wajen miliyan 154, PSP ta kamfanin Sony kuma wajen miliyan 80. Sai iPhone ta zo a 2007, shagon manhajojinta ya buɗe a 2008, wasan Angry Birds ya biyo baya a ƙarshen 2009, lissafi ya canza. Da Nintendo ta fitar da 3DS a 2011 a kan dala 250, kasuwa ta ƙi, har sai da ta karya farashin zuwa dala 170 kafin a cika wata shida, shugaban kamfanin na lokacin, Satoru Iwata, ya yanke rabin albashinsa. Duk da ta farfaɗo daga baya, abin da aka sayar bai wuce miliyan 76 ba, rabin na DS ke nan. Sony kuwa ta sha kashi sosai: PlayStation Vita ba ta ko kama ƙafar PSP ba, aka daina ƙera ta a 2019. A yau kusan rabin kuɗin da ake samu a harkar gem a duniya daga waya yake fitowa. Mu ma nan gani ya kori ji. Daga Maraɗi zuwa Garwa zuwa zangon Kumasi, a kan Tecno da Itel da Infinix samari ke buga Free Fire da Dream League Soccer. In ƙidayar kawuna za a yi, waya ta ci, ba gardama.

To amma ga abin da masu jana'izar suka kasa yi mana bayaninsa. A watan Maris na 2017 Nintendo ta fitar da Switch, kuma zuwa yanzu an sayar da fiye da miliyan 150. A 2022 kamfanin Valve na Amurka ya shigo da Steam Deck, Asus da Lenovo suka biyo shi da nasu a 2023. A watan Yuni na 2025 Switch 2 ta fito a kan dala 450, aka sayi miliyan uku da rabi cikin kwana huɗu. Ka tambayi kanka, mai karatu, a cikin waɗannan miliyoyin mutane mutum nawa ne ba shi da babbar waya? Kusan babu. Da wayarsu a aljihu, da wasannin kyauta a cikinta, suka je suka biya. Mutum ba ya sayen abin da yake da shi a gida. Ashe ke nan akwai abin da waya ba ta ba su.

Wani zai ce ai Switch ba ta hannu ba ce zalla, tunda ana jona ta da talabijin. Gaskiya ne, sai dai wannan hujja tawa ce. Bayan Wii U, na'urar Nintendo ta zaman ɗaki, ta faɗi da ciniki miliyan 13 da ɗoriya, kamfanin bai watsar da ta hannu ya koma ɗaki ba. Ta ɗakin ya ɗauko ya cusa cikin ta hannu. Kuma a 2019 ya fitar da Switch Lite wadda ba ta shiga talabijin ko kaɗan, ita ma ta samu masu saye miliyoyi.

Me suke saye? Abu na farko a fili yake: madannai. Wasa a fuskar waya tamkar rubutu ne da yatsa a kan rairayi. Babban yatsanka na rufe abin da kake kallo, kuma hannunka ba ya jin ko ya danna ko bai danna ba. Shi ya sa masu wasa a waya da gaske suke ƙarewa da sayen madannai su maƙala mata. An ma gwada haɗa biyun wuri guda, Nokia ta yi N-Gage a 2003, Sony Ericsson ta yi Xperia Play a 2011, duka ba su je ko'ina ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Sannan ga batir. A wurinmu waya ita ce shago, ita ce banki, ita ce wasiƙar gida. Inda wuta ke zuwa ta ɗauke, cajin da wasa ya cinye da rana shi ne kiran abokin ciniki da ba za a amsa ba da yamma. Masu cewa waya ta fi ƙarfin inji su tuna da Game Boy. Gunpei Yokoi da mutanensa sun fitar da ita a 1989 ba kala, da batura huɗu, ta doke Game Gear ta Sega mai kala wadda ke shanye batura shida cikin 'yan sa'o'i. Ƙarfin inji bai taɓa raba gardama a wannan fage ba.

Amma duk wannan ƙaramin zance ne. Babban bambancin yana wajen kuɗi, wato yadda mai wasan yake cin abincinsa. In ka sayi kaset ɗin gem, ciniki ya ƙare a nan. Mai shi ya karɓi kuɗinsa, abin da ya rage masa shi ne ka ji daɗi don ka sayi na gaba. Saboda haka zai gina maka wasa mai farko, mai tsakiya, mai ƙarshe. Wasan kyauta kuwa bai karɓi komai a bakin ƙofa ba, dole ya nemi nasa bayan ka shiga. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ko ya sayar da idonka ga masu talla, ko ya sa maka ƙaya a hanya sannan ya sayar maka da takalmi.

Dubi Candy Crush Saga, wanda ya fito a 2012. Rai biyar ake ba ka; in suka ƙare, ko ka jira rabin sa'a kafin ɗaya ya dawo, ko ka roƙi abokai, ko ka biya. Ka ƙaddara kana buga dara a gindin bishiya, wasa ya yi zafi, sai mai gurbin ya dafe hannunka ya ce ko ka ba shi kuɗi ko ka dawo bayan la'asar. Wa zai yarda? A waya mun yarda, har muna godiya. Wasu wasannin kuma akwati suke sayar maka a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya ka buɗe. In ba ka dace ba ka sake saye. Wasu suna ba ka tukwici don kawai ka leƙo kullum, ranar da ka yi fashi a ƙwace. Yawancin masu wasa ba sa biyan ko sisi, ribar daga wasu 'yan tsiraru take fitowa da suka kasa tsayawa, waɗanda masu sana'ar da kansu suke yi wa laƙabi da sunan dabbar nan mafi girma a teku. A 2016 kamfanin Activision Blizzard ya sayi King, mai Candy Crush, a kan dala biliyan 5.9. Abin da ake rabawa kyauta, daga ina ya samo wannan daraja?

Hukumomi sun ga abin da ake ciki. A 2014 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa Apple ya amince zai mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5 na sayayyar da yara suka yi a cikin wasanni ba da izininsu ba, Google shi ma ya amince da miliyan 19. A 2018 ƙasar Beljiyam ta ce akwatunan nan na rufe da ake saye da kuɗi caca ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce Nintendo ɗin kanta. A ƙarshen 2016 ta shiga waya da Super Mario Run, ta ce a biya dala goma sau ɗaya a mallaki wasan duka. An sauke shi fiye da sau miliyan 200, amma kamfanin ya fito ya ce ribar ba ta kai yadda ya so ba, don mutane sun ƙi biya. Bayan wata biyu ya fitar da Fire Emblem Heroes, na kyauta, mai tsarin jawo jarumi da sa'a, kuma shi ne ya kawo kuɗin da ya ninka na Mario sau da yawa. A 2019 dole ta sa ya janye wannan wasa daga Beljiyam saboda dokar caca. Kamfani ɗaya ne, zamani ɗaya. Kasuwar ce ta bambanta. A waya wanda ya faɗi farashinsa a fili shi ke kwana da yunwa. Marubutan Hausa sun san wannan ciwo: tunda masu karatu suka saba da littafi yana yawo a WhatsApp ba ko kwabo, ai mun ga yadda ake jan labari kamar ƙaramar igiya a rijiya mai zurfi, ana katse shi daidai inda za a biya. Apple ma ya gane, shi ya sa a 2019 ya buɗe Apple Arcade, inda ake biyan kuɗin wata a samu wasanni ba talla ba sayayyar ciki. Wato ya gina wa waya ɗan shingen da na'urar gem take da shi tun asali.

Akwai kuma zancen mallaka. Kaset ɗin DS da aka saya shekara ashirin da suka wuce, in ka sa shi yau zai tashi, ba data ba intanet. Kana iya ara wa ƙanenka, kana iya sayarwa a gwanjo. Wasan waya mai dogaro da intanet kuwa haya kake yi. Dr. Mario World ya fito a 2019, aka rufe shi a 2021, duk wanda ya zuba kuɗi a ciki sai dai ya yi haƙuri.

Sai maganar yara, wadda ita ta sa ban ɗauki wannan gardama a matsayin ta 'yan gayu ba. Uwar da ta miƙa wa yaro waya don ya yi shiru, ba wasa kaɗai ta miƙa masa ba. Ta miƙa masa intanet gaba ɗaya, da saƙonnin baƙi, da tallan da ba ta zaɓa ba, wataƙila har da asusun kuɗinta. Ban ce na'urar gem ba ta cinye yaro ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019 ba ta ware wata na'ura ba, haka ma ƙasar Sin da ta taƙaita wa yara wasan intanet zuwa sa'a uku a mako a 2021. Sai dai na'urar da aikinta ɗaya ne ana iya karɓe ta a kulle a akwati har sai an gama jarrabawa. Waya fa? Ranar da ka karɓe ta ka yanke yaron daga malaminsa da 'yan'uwansa, shi ya sa ba a daɗewa ake mayar masa.

Na san inda za a kama ni: tsada. Dala 450 ba kuɗin wasa ba ne a gidan da ake auna hatsi da tiya, kuma kaset ɗin Mario Kart World shi kaɗai dala 80 ne. Waɗannan kamfanoni ba su ɗauke mu kasuwa ba. Abin da ke iso mana ta hannun 'yan kasuwa ne, ko na gwanjo. Su ma ba waliyyai ba ne. Nintendo ta rufe shagon intanet na 3DS a watan Maris na 2023, kuma wasannin kyauta masu tatsa sun fara shiga na'urorin su ma. Fortnite ana buga shi a Switch, kuma mai shi, Epic Games, ya amince da biyan dala miliyan 520 a 2022 kan zargin keta sirrin yara da yaudarar masu wasa su yi sayayya. Duk na yarda. Amma tsadar da aka rubuta a jikin kwali kana ganinta, ka saya ko ka wuce. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce wadda ake karɓa kaɗan-kaɗan, a data, a caji, a barcin dare, a karatun da ba a yi ba, mai biya kuma yana rantsuwa cewa bai kashe komai ba.

Saboda haka na'urar gem ta hannu ba za ta taɓa kamo waya a yawa ba, kuma ba ta buƙata. Muddin akwai masu son su biya sau ɗaya a ƙyale su su yi wasansu, tana da kasuwa, kuma zamanta a raye shi ke tuna wa masu yin wasa cewa ana iya cin abinci ba tare da an kafa wa mutane tarko ba. Wanda ba shi da halin sayenta, kuma mu ne mafi yawa, yana iya aron ma'auninta. Kafin ka sauke wasa a wayarka, ko ka bar ɗanka ya sauke, kashe data ka ga ko zai tashi. Duba ko yana da ƙarshe. Duba ko yana sayar da abu a rufe. In ya faɗi wannan jarrabawa, goge shi, ko da duk unguwa shi ake bugawa.