Tafiyar Ungulu Da Fitsarin Zuma: Mu Daina Cinikin Biri A Sama

Ya 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wani talla da ya zame mana ruwan dare a wayoyin hannu, wai masu maganin gargajiyar Indiya, wato Ayurbeda, sun gano yadda za su raba mai ciwon sukari da ciwon jijiyar nan da ke tasowa daga ƙugu ya bi cinya har tafin ƙafa, wanda likitoci ke kira sayatika. Da yake mu ne ke sayen magani mu aika wa iyayenmu, wajibi ne mu tsaya mu auna maganar.

Ba mu raina Ayurbeda don tsufanta ba. Littattafan Charaka da Sushruta sun san cututtukan nan biyu tun zamanin da. Ciwon jijiyar suna kiransa giridirasi, daga sunan ungulu, domin mai shi yana ɗingishi kamar tafiyarta, ciwon sukari kuwa madumeha, ma'ana fitsarin zuma. Wannan basira ce, mun sara musu. Amma sanin sunan cuta daban, warkar da ita daban.

To, da me suke magani? Akwai tausa da mai mai ɗumi, da gashi da tururi, da tara mai a kan ƙugu cikin da'irar ƙullu, da ɗura magani ta dubura, da tsaga jijiya a fid da jini, da kuma aginikarma, wato ƙona fata da ƙarfe mai zafi, kusan irin sakiyar wanzamanmu. Ga mai cikakkiyar lafiya, ɗumi da tausa kan rage raɗaɗi. Amma mai ciwon sukari da ya daɗe, sau da yawa jijiyoyin ƙafarsa sun mutu, ba ya jin zafi balle ya janye, jini ba ya gudana sosai, miki kuma ba ya saurin warkewa. Ƙaramar ƙuna a diddige takan zama gyambo, gyambo kuwa shi ke kai mutum ga yanke ƙafa. Haba jama'a! Wane mai hankali zai ɗora wuta a kan ƙafar da ba ta ji?

Sai na sha. Wasu haɗe-haɗen da mazarƙwaila ko zuma ake yin su, wasu kuma, irin masu hulba, suna iya haɗuwa da maganin asibiti su sa sukari ya faɗi ƙasa warwas. Mafi muni shi ne ƙarafan da ake ƙonawa a zuba da gangan. A 2004 Dokta Robert Saper da abokan aikinsa sun gwada magungunan Ayurbeda 70 daga kantunan Boston ta Amurka, suka sami darma ko zaiba ko asinik a cikin 14. A 2008 suka sake gwada 193 da aka saya ta intanet, aka sami kusan ɗaya cikin biyar da irin wannan guba. Darma tana cin ƙoda da jijiya, su ne kuwa gaɓoɓin da sukari ya riga ya raunana.

Masu talla za su ce ai gwamnatin Indiya ta kafa wa fannin ma'aikata sukutum a 2014, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta aza harsashin cibiyar maganin gargajiya a Jamnagar a 2022. Gaskiya ne, amma gini ba hujja ba ne. A Indiyar ce dokar 1954 ta hana tallar maganin da ke ikirarin warkar da ciwon sukari, kuma a 2024 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta sa shugabannin kamfanin Patanjali neman afuwa a jaridu kan tallace-tallace masu ruɗin jama'a. Idan masu abu sun ja masa linzami, mu don me za mu haɗiye shi ba tauna?

Wasu kuma za su kawo shaidar wanda ya sha ya warke. Su sani cewa yawancin masu sayatika kan sami sauƙi cikin 'yan makonni ko da ba su sha kome ba, sai mai kwalba ya karɓe yabon da lokaci ya cancanta. Bugu da ƙari, ba kowane ciwon ƙafa ne sayatika ba. Sukarin kansa yana lalata jijiyoyin cinya ya kawo azaba mai kama da ita, wanda bai bambance su ba kuwa lalube yake cikin duhu.

Ba mu ce asibiti ba shi da nasa haɗari ba. Ƙwayoyin kashe zafi irin diclofenac na cutar da ƙoda, allurar sitiroyid kuma tana ɗaga sukari. Bambancin shi ne an auna wannan haɗari an rubuta shi, likita na iya kauce masa.

Saboda haka matsayinmu ke nan. A fara da gwaji a san cutar. A riƙe maganin sukari, a ci gaba da motsa jiki gwargwadon iko. Kada a yarda da ƙuna ko tsaga a ƙafar mai sukari, kada kuma a sha abin da ba a rubuta sinadaransa ba. Wanda ƙafarsa ta fara shanyewa, ko ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, a garzaya da shi asibiti a ranar. Mai maganin da ke son kuɗinmu kuwa, ya kawo sakamakon gwaji tukuna.