Hanyar Katsina: a tsara mashiga da majuya kafin a zuba kwalta

Daga Ƙofar Ruwa zuwa Dawanau a Kano, hanyar Katsina aiki biyu take yi. Ita tireloli ke bi zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau, su wuce Katsina da Jamhuriyar Nijar. Ita ce kuma titin ƙofar gida ga mutanen Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa da Mil Tara. Direban tirela so yake ya wuce ba tsayawa, mai adaidaita sahu kuwa abincinsa a tsayawar yake. Nan ne tushen cunkoson da ake sha safe da yamma, kuma a ganinmu duk gyaran da bai raba waɗannan biyu ba, kuɗi kawai zai ci.

An yi aiki, ba mu musu. Gwamnatin Ganduje ta gina gadar ƙasa a Ƙofar Ruwa, Gwamnatin Tarayya kuma tun 2013 ta ba kamfanin CCECC kwangilar tagwaita hanyar daga shataletalen Dawanau zuwa iyakar Jihar Katsina. Sai dai jama'a a tsakanin waɗannan wurare biyu take zaune, kuma gada mahaɗa ɗaya take warwarewa. Motar da ta fito daga cikinta a guje za ta je ta tarar da bakin layi na gaba yadda yake.

Injiniyoyin hanya suna da lissafi a kan haka. A mahaɗa mai hannu huɗu akwai wurare 32 da ababen hawa ke iya cin karo ko gogar juna. Mai hannu uku tana da 9, shataletale kuma 8. Tun da Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama a 1972, kwanar hagu ce ta fi haɗari, domin mai yin ta sai ya ratsa gaban masu tahowa. To, a ƙirga layukan unguwa da gidajen mai da shaguna da ke zubowa kai tsaye cikin wannan titi. Kowannensu ƙaramar mahaɗa ce da babu wanda ya zana ta.

Maganin da aka saba shi ne a kafa shinge a tsakiyar titi a toshe ko'ina. Shingen na da amfani, amma idan wurin juyawa ya yi nisa, mai babur da mai adaidaita ba za su yi zagaye ba: hannun da ba nasu ba za su bi, ko kuma wata rana a wayi gari an fasa shingen. Daga nan sai a ce mutanenmu ba sa jin doka. Laifin mai saɓa hannu yana nan, kuma ya cancanci tara. Amma majuyar da aka sanya ba tare da an duba inda makaranta da kasuwa da masallacin Juma'a suke ba, ita ma tana da nata kason. Majuya ta gari tana buƙatar layinta na jira, don wanda zai juya ya kauce wa na bayansa, da kuma faɗin da tirela za ta karya kwana sau ɗaya ba sai ta ja da baya ba.

Muna kira da a yi titin gefe a inda fili ya samu, ya kwashe motocin layukan unguwa ya kai su 'yan mashigai ƙalilan masu danja. A ware wa adaidaita wurin sauke fasinja nesa kaɗan da bakin mahaɗa. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 su ne ƙafar talaka, kuma korarsu da 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa, ke yi ba ta samar masu wurin tsayawa. Sannan a tuna da mai tafiya a ƙasa. Tsohuwa da ɗan makaranta ba za su hau gadar tsallakawa da aka dasa nesa da inda suke tsallakawa kullum ba.

Akwai kuma batun wanda ke da iko. Hanyar ta Tarayya ce, filayen gefenta kuwa hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ke ba da izinin gini a kansu. Bai kamata a amince da sabon gidan mai ko rukunin shaguna ba sai an ga ta ina motocinsu za su shiga su fita. Kuma kafin a sa hannu a kwangila ta gaba, a fito da taswirar mahaɗu da majuyu a nuna wa masu unguwanni, shugabannin kasuwar Dawanau da ƙungiyoyin direbobi, a ba su lokacin da za su faɗi inda ya kamata a gyara.