'Yan Kallon da Suka Fi Darakta Ƙarfi: Fa'idodi da Illolin Zazzafar Ƙaunar Fina-finan BL na Asiya

A ranar 27 ga Yuni, 2019, kamfanin Tencent na ƙasar Sin ya fara haska wani fim mai dogon zango, kashi 50, mai suna The Untamed. Labarin wasu matasa biyu ne a zamanin takobi da sihiri, ɗaya mabushin sarewa mai rawar kai, ɗayan miskili mai kaɗa wani abin kiɗa na Sinawa mai tsirkiya bakwai. A littafin da aka ciro labarin, wato Mo Dao Zu Shi na marubuciya Mo Xiang Tong Xiu, masoya ne. A fim ɗin kuwa aminai aka mayar da su, domin hukumar tace fina-finai ta Sin ba za ta bari ya wuce ba in an fito da abin fili. Miliyoyi daga cikin waɗanda suka kalla sun san abin da aka ɓoye, kuma da yawansu don shi suka zauna.

Irin waɗannan labarai na soyayya tsakanin samari biyu, waɗanda ake kira BL a taƙaice, sun samo asali ne daga littattafan zane na 'yan mata a Japan cikin shekarun 1970. Tun can har yau mata ne suka fi rubuta su, mata ne kuma suka fi karanta su da kallon su. Daga Japan abin ya bazu zuwa Sin da Tailan da Koriya ta Kudu da Filifin. Matsayin addininmu da al'adarmu a kan irin wannan alaƙa sananne ne ga duk mai karanta wannan rubutu, Nijeriya ma tana da dokarta tun 2014. Abin da nake so mu duba shi ne 'yan kallon: irin ƙarfin da suka samu a kan marubuci da furodusa da jarumi, da abin da wannan ƙarfi ya gyara da wanda ya rusa. Fina-finan nan suna cikin YouTube da Netflix da TikTok, manhajojin da ke cikin wayoyin 'ya'yanmu, don haka rashin sanin yadda harkar take ba zai kare kowa ba.

Babbar fa'idar da ba a musu a kanta ita ce marubuci ya samu masu tsaya masa. Mo Dao Zu Shi ya fara fitowa ne babi-babi a dandalin Jinjiang daga 2015 zuwa 2016, makaranta suna biyan 'yan kuɗi kaɗan su buɗe kowane babi. Da aka fara ɗaukar fim ɗin a 2018, sai jita-jita ta bazu cewa an faɗaɗa rawar wata mace a labarin don a ƙulla mata soyayya da babban jarumin. Makaranta suka yi ca a kan kamfanin. Da fim ya fito, babu wannan soyayya a ciki. Duk wanda ya taɓa son wani littafin Hausa, sannan ya ga an mayar da shi fim an yanke masa kai da ƙafa, ya san irin wannan takaici. Bambancin shi ne makarantan Sin suna da yawa kuma suna da haɗin kai, har furodusa ya gane cewa wasa da littafin wasa ne da jarinsa. Hakan ya ɗaga darajar marubutan intanet, waɗanda a da ake yi wa kallon masu rubutun banza. Wata marubuciya da aka sani da Priest an mayar da littattafanta fim har sau da dama, ciki har da Guardian a 2018 da Word of Honor a 2021. A ƙarshen 2021 kuma fassarar Turanci ta littattafan Mo Xiang Tong Xiu ta shiga jerin waɗanda suka fi kasuwa na jaridar New York Times.

Sai dai a cikin wannan nasarar ma akwai wadda ta ji jiki. Jarumar da ta taka rawar macen ta sha zagi iri-iri a shafukan sada zumunta, alhali ba ita ta rubuta labari ba, ba ita ta ba da umarni ba. Aikinta kawai ta zo yi.

Fa'ida ta biyu ta tattalin arziki ce, kuma Tailan ce ta fi cin moriyarta. Daga Love Sick a 2014 da SOTUS a 2016, kamfanonin Bankok irin su GMMTV sun gano cewa ƙaramin jari na iya kawo babbar riba. A 2020, daidai lokacin da korona ta kulle mutane a gida, aka saki 2gether a YouTube kyauta da fassara a ƙasan allo. Kafin a gama kashi 13 ɗinsa, sunan jarumansa biyu, Bright da Win, ya kai ƙasashen da ba su taɓa jin harshen Tailan ba, har wani gidan talabijin na Filifin ya ɗora masa murya da harshensu. Yau ma'aikatar kasuwancin Tailan da kanta take tallata waɗannan fina-finai a kasuwannin duniya. Masu ɗaukar hoto da masu kwalliya da masu otal da masu sayar da abinci duk suna samu. Akwai matasan da suka fara koyon harshen Tailan ko Sinanci saboda fim, akwai waɗanda suke kwana suna fassara zance kyauta don wasu su fahimta, akwai kuma ƙungiyoyin masoya da ke tara kuɗi su yi aikin jin ƙai da sunan jaruminsu. Mai zaman kaɗaici ya samu abokan hira. Waɗannan duk gaskiya ne, kuma adalci ya sa a faɗe su.

Akwai wata fa'ida ta sana'a da ba a cika lura da ita ba. Da yake a Sin an hana nuna abin ƙarara, dole masu shirya fim suka koyi faɗin magana da ido, da shiru, da waƙar da wani ya tsara wa wani, da tsayuwa a gaban takobi don kare aboki. 'Yan kallo kuma suka zama masu kaifin lura, suna tsayar da hoto suna nazarin yadda aka riƙe kofin shayi. Shi ya sa mutane da yawa suka kalli The Untamed a matsayin labarin amana da zalunci da ƙazafi, suka ji daɗinsa ba tare da sun san asalinsa ba. Ga iyaye kuma wannan shi ne abin lura, domin yaron da fim ya burge shi zai je neman littafin, shi kuwa littafin bai sakaya komai ba.

Illolin su ne suka fi tsaya min a rai, kuma mafi muninsu ya faru ne a watan Fabrairun 2020. Wata marubuciya ta ƙirƙiri labari a kan jarumi Xiao Zhan, ɗaya daga cikin taurarin The Untamed, ta sa shi a wani dandalin rubuce-rubucen masoya na duniya mai suna AO3. Wasu masoyansa suka ga labarin cin mutunci ne gare shi. Maimakon su kau da kai, sai suka shirya kansu suka yi ta kai ƙara wurin hukuma. Ranar 29 ga wata aka toshe dandalin gaba ɗaya a ƙasar Sin. Dubban marubuta da makaranta da babu ruwansu da rigimar suka wayi gari an rufe musu ɗakin karatunsu. Su ma ba su haƙura ba, suka juya kan jarumin: suka ƙaurace wa kayan kamfanonin da yake yi wa talla, suka riƙa zubar da makin fina-finansa a shafukan tantancewa, suka yi masa ruwan zagi na watanni. Ana kiran wannan rikici da 227, wato 27 ga Fabrairu. Mutumin da aka ce ana karewa shi ya fi kowa asara, har sai da ya fito ya ba da haƙuri a kan abin da ba da hannunsa aka yi ba.

Abokin aikinsa Wang Yibo ma bai tsira ba. An sayar da lambar wayarsa, kira ya yi ta shigowa ba ƙaƙƙautawa. A 2020 ya fito ya koka cewa ana ƙwanƙwasa masa ƙofar otal cikin dare, an kuma maƙala wa motarsa na'urar bin sawu. Masu yin haka suna kiran kansu masoya.

A Tailan illar ta ɗauki wani salo, kuma kamfanoni ne ke hura wutar. Ba a tsaya a sayar da fim ba, ana sayar da jaruman biyu ne a haɗe. Bayan an gama ɗauka sai a ci gaba da kai su taruka tare, talla tare, suna riƙe hannu a kan dandamali suna raɗa a kunnen juna, jama'a na ihu. Ana barin 'yan kallo da zaton ko da gaske ne, domin wannan zaton shi ke sayar da tikiti da riguna da hotuna. Sakamakon haka saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ba ya iya fita da budurwarsa a fili. In aka gan shi da wata, ita za a bi da zagi, shi kuma a ce ya ci amana. In kamfani ya raba shi da abokin fim ɗinsa ya haɗa shi da wani, sai masoya su rabu gida biyu su yi ta yaƙi. Ni a ganina wannan cin zali ne ga yaran da ke wasan, kuma yaudara ce ga yarinyar da ta tara kuɗin makarantarta ta sayi tikitin.

Maganar kuɗi ta kawo mu kan tatsa. Da Tencent ya ga yadda jama'a suka kamu da The Untamed, sai ya ce duk mai son ganin ƙarshen labarin kafin lokaci ya ƙara biyan yuwan 30 a kan kuɗin rajistar da ya riga ya biya. Mutane suka yi ta ƙorafi, suka kuma biya. Sauran kamfanoni suka kwaikwaya, abin ya zama al'ada, har sai a Oktoban 2021 manyan dandamalin suka sanar da janye tsarin bayan suka ta yi yawa.

Abin da ke cikin wasu labaran ma abin dubawa ne, ko da mutum ya ajiye batun jinsi gefe. Da yawa daga cikinsu suna nuna tilastawa da kishi mai tsanani da bin diddigi a matsayin alamar so. Fim ɗin TharnType na 2019 ya sha suka a kan haka daga 'yan kallonsa da kansu. Yarinyar da ta tashi tana ganin wanda ya tursasa shi ne gwarzo, za ta iya ɗaukar wannan ma'auni ta shiga da shi gidan aurenta. Hatta mazan da ake cewa rayuwarsu ake nunawa sun daɗe suna cewa ba su gane kansu a ciki ba. Tun 1992 aka yi wannan muhawara a Japan.

Wani lokaci kuma wutar takan tsallaka siyasa. A Afrilun 2020, wani saƙo da Bright ya sake yaɗawa a Twitter, wanda ya lissafa Hong Kong a matsayin ƙasa, ya fusata masu kishin Sin. Matasan Tailan suka mayar da martani, na Hong Kong da Taiwan suka mara musu baya, daga nan aka samu ƙawancen intanet da ake kira Milk Tea Alliance. Wasu na lissafa wannan cikin fa'ida tunda ya haɗa kan matasa masu neman 'yanci. Shi dai jarumin haƙuri ya bayar. Zhang Zhehan na Word of Honor kuwa, watanni kaɗan bayan ya yi tashe a 2021, aka tono tsofaffin hotunansa a wurin bautar Yasukuni na Japan, wanda Sinawa ke ƙyama saboda tarihin yaƙi. Cikin 'yan kwanaki kamfanoni suka yanke hulɗa da shi, aka rufe shafukansa, aka sauke fim ɗin daga dandamalin Sin.

Gwamnatin Sin dama ba ta taɓa sakin jiki da harkar ba. Tun a Fabrairun 2016 ta sauke fim ɗin Addicted saura kashi uku a gama, a 2018 kuma wata kotu a lardin Anhui ta ɗaure wata marubuciyar irin waɗannan labarai mai laƙabin Tianyi fiye da shekara goma. Rigingimun masoya sun ƙara mata hujja. A 2021 aka ƙaddamar da yaƙi da hargitsin ƙungiyoyin masoya a intanet, a farkon 2022 kuma hukumar rediyo da talabijin ta Beijin ta ce ta rufe ƙofa ga fina-finan da aka ciro daga irin waɗannan littattafai. Akwai waɗanda aka riga aka kashe musu maƙudan kuɗi aka ɗauka, irin su Immortality, suka maƙale ba a haska ba. Tailan ta bi wata hanyar daban, inda dokar da ta halatta auren jinsi ɗaya ta fara aiki ranar 23 ga Janairu, 2025, masana'antar kuma tana ta bunƙasa.

In aka ɗora su a sikeli, ribar tana tafiya ne ga kamfanoni da 'yan tsirarun marubuta, wahalar kuma tana sauka a kan jaruman da aka hana rayuwarsu da matasan da aka koya wa cewa ƙauna ita ce kashe kuɗi da zagin wanda bai yarda da kai ba. A wurina illar ta rinjayi fa'idar. Iyaye da yayye, in kun ga yarinya ta duƙufa kan fim ɗin Sin ko na Tailan, ku zauna kusa da ita ku tambayi sunan fim ɗin da littafin da aka ciro shi, ku kuma tambayi su wane ne take hira da su a kansa.