AC ta dubban ɗaruruwa, kafawa ta ɗan koyo?

Jama'a, mu gaya wa juna gaskiya. Da zafin Afrilu ya kawo jiki, kowa a Tudun Wada sai rububin AC. Mutum zai zube dubban ɗaruruwa a Sabon Gari bai yi tari ba, amma kan kuɗin mai kafawa zai tsaya ciniki kamar na tumatir. Araha fa ba ta ado.

Na farko, AC ba ta shiga estenshan. Layinta daban ake ja mata, da wayar wuta mai kauri 2.5mm, da makunninta na amfiya 20, da wayar ƙasa. Siririyar waya zafi take ɗauka a cikin silin har ta kama da wuta kana barci.

Na biyu, kan da ke cikin ɗaki kada a maƙala shi saman talabijin ko soket ɗin cajinka. Bututun ruwansa dole ya gangara waje. Ranar da ƙurar hunturu ta toshe shi, kan wayarka ruwan zai sauka, mu kuma masu gyara ba kowace muke iya cetowa ba.

Na uku, in bai zo da injin zuƙe iska ba, ya ce "haka muke yi", sallame shi. Danshin da ya rage a bututu kwamfuresa yake kashewa. Gas ɗin R32 kuma yana iya kamawa, ban da walda kusa da shi.

Za ka ce maƙwabcinka haka ya yi kuma lafiya lau. Sa'a ya ci. Kai da iyalinka za ku kwana a ƙarƙashinta.

Tura wa wanda ke shirin saye.