Rigar da muka saya da araha, wa ya cika sauran kuɗinta?

A shekarar 2024 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta wajabta wa manyan kamfanoni bin diddigin hajarsu tun daga tushe, domin tabbatar da cewa ba a tauye haƙƙin ma'aikaci ko ɓata muhalli ba kafin kaya su iso kanti. Ba a je ko'ina ba, a 2025, aka ɗage lokacin fara aiki da ita, aka kuma shiga rage mata kaifi, bisa hujjar cewa ta yi wa 'yan kasuwa nauyi. Kafin mu karɓi wannan hujja, ya kamata mu tuna abin da ya haifi irin waɗannan dokoki.

Ranar 24 ga Afrilun 2013, wani bene mai hawa 8 da ake kira Rana Plaza ya rushe a Savar, kusa da birnin Dhaka na Bangaladash. Mutum 1,134 suka rasu, akasarinsu mata masu ɗinka tufafin da ake sayarwa a manyan kantunan Turai da Amurka. Tun kwana guda kafin nan aka ga bango ya tsage. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma aka tilasta wa masu ɗinki komawa bakin keke, domin akwai odar da dole a cika a kan lokaci.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne, wasu daga cikin masana'antun da ke benen sun riga sun tsallake binciken da kamfanonin da kansu ke ɗaukar nauyi. An duba takardu, ba a duba ginshiƙi ba. Gyara na haƙiƙa ya zo ne a watan Mayun 2013, lokacin da ƙungiyoyin ƙwadago da kamfanoni, waɗanda daga baya suka haura 200, suka sa hannu a yarjejeniyar da ake iya hukunta wanda ya saɓa mata. Ta ɗora wa mai saye alhakin ganin an samu kuɗin gyaran gini, ta ba ma'aikaci damar ƙin shiga wurin da yake tsoron ransa. An binciki masana'antu fiye da 1,500, kuma a 2023 aka faɗaɗa tsarin zuwa Pakistan. Alƙawarin ganin-dama bai taɓa yin wannan aiki ba.

Mu nan ba 'yan kallo ba ne. Duk wanda ya juya wuyan rigar gwanjo a kasuwanninmu, sau da yawa sunan Bangaladash zai gani. Mun ƙware wajen tambayar ko nama yankan Musulmi ne, ko akwai kitsen alade a cikin alewa, kuma haka ya dace. Sai dai da wuya mu tambayi ko an biya wanda ya yi aikin. Alhali malaman fiƙihu sun keɓe babi guda ga ijara, inda suka shardanta sanin lada da sanin aiki, kuma muhtasibin da a da yake zagaya kasuwa bai tsaya kan mudu da sikeli kaɗai ba, har dabbar da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta yana sa a sauke mata. Cinikinmu da mai kanti ya inganta, babu shakka, amma ingancinsa bai wanke zaluncin da aka yi a can baya ba.

Gine-ginen sun gyaru, albashi kuwa yana nan a baya. A ƙarshen 2023 masu ɗinki suka fito zanga-zanga suna neman taka 23,000 a wata, har aka rasa rayuka. Gwamnati ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a taka 12,500.