TAKA SAYYADA BA ƘASƘANCI BA NE

Akwai wata ɗabi'a da ta kama mu, mu 'yan makaranta, wadda ya kamata a faɗe ta a fili cikin wannan mujalla tamu, ko da za ta yi wa wasu ɗaci. Ɗabi'ar kuwa ita ce ƙyamar tafiya a ƙasa. Da zarar yaro ya sami shiga jami'a, ya rataya jaka, ya iya harhaɗa Turanci, sai ya ɗauka ƙafarsa ta gama aikinta a duniya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, da yawa daga cikinmu sun koma taka sayyada, amma fa bisa tilas, muna yi muna sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kayan sata. Ita kanta kalmar yawo ba mu ba ta suna mai kyau ba, don kuwa da an ambace ta sai hankali ya tafi ga yawon banza da yawon dandi.

To, ni ra'ayina shi ne, ɗalibin da ya yi shekara huɗu a Kano bai taɓa fita da ƙafarsa ya bi bakin kogi, ko gefen magudanar ruwan noman rani, ko inuwar itatuwan gona ba, ya bar wani babban kashi na karatunsa a baya. Abin da ya fi wannan nauyi kuma, hanyoyin ƙafar nan na karkara dukiyar jama'a ce da ke salwanta a kan idonmu, kuma ba wanda zai tsaya mata sai wanda ya san ta.

Tafiyar da nake nufi ba ta hawan dutse ba ce, ba kuma ta keta dokar daji ba. Tafiya ce mai sauƙi, ta mil biyar ko shida a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wadda mace da namiji, mai ƙarfi da mai rauni, za su iya gamawa tsakanin fitowar rana da hantsi. Allah kuwa ya hore wa ƙasar Kano wuraren yin ta, ba tare da an yi nisa ba.

A ɗauki filayen noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, a kan hanyar Zariya. Ruwan da ke shayar da su daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama ta a 1974. Abin mamaki ga wanda bai taɓa gani ba shi ne, ba inji ne ke tura ruwan nan ba. Gangara kaɗai yake bi, daga babbar magudana, wadda manoma ke kira kanal, ya shiga rassanta, daga rassa ya shiga ƙananan hanyoyi, har ya isa bakin gona a karkata shi cikin kunyoyi. A gefen kowace babbar magudana akwai turba miƙaƙƙiya, ba tudu ba kwari. Wanda ya bi ta da sanyin safiya a cikin hunturu zai ga alkama kore shar a lokacin da ko'ina ya bushe, ga tumatir da albasa da masara, ga balbela tana bin masu ban ruwa. Zai kuma ga abin da ba a cika faɗa a ɗakin lacca ba: inda ciyawar kacala ta toshe magudana, inda na farkon ruwa ya sha ya ƙoshi, na ƙarshen ruwa yana jiran abin da ya rage. Ɗalibin injiniya da na tattalin arziki da na siyasa, kowannensu zai tarar da darasinsa a shimfiɗe a nan. In kuma ya yi tambaya, zai ji cewa ginin madatsar ya ta da ƙauyuka, kuma tsare ruwa a Tiga ya rage ambaliyar da manoma da masunta da makiyaya na fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita. Watau albarkar wani wuri tana iya zama rashin wani, kuma gani ya kori ji.

Haka nan bakin kogi. Ga Watari yamma da birni, ga Calawa a kudu, wadda ke haɗuwa da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja, ruwan da ke neman hanyarsa har Tafkin Cadi. Da rani, sa'ad da ruwa ya janye, gaɓar kogi kan zama hanya, ga lambuna a jere, ga mashayar shanu. Nan ma idon mai tafiya zai nuna masa ramukan da masu ɗibar yashi suka bari, da yadda gaɓa ke zaizayewa tana cin gonakin mutane, da launin ruwan da ya ratso ta unguwannin masana'antu da majemu kafin ya iso wurin mai lambu. Wanda ke cin latas da kabeji a birni bai san da wane ruwa aka raine su ba, sai ya je ya gani.

Amma a wurina babu abin da ya kai itatuwa. Baƙo in ya hango karkarar Kano daga nesa sai ya zaci kurmi ne, alhali kuwa gonaki ne da aka yi ɗaruruwan shekaru ana nomawa, kuma kowace bishiya a cikinsu da mai ita, da dalilin da ya sa aka bar ta. An bar ɗorawa don kalwarta da ake daddawa da garinta da ake sha. An bar kuka don miya, tsamiya don kunu, kanya da ɗinya don 'ya'yansu. Gawo kuwa shi ne sarkin hikima, don yana kakkaɓe ganyensa da damina, ya bar gero da dawa su sha rana, sa'an nan ya yi ganye da rani lokacin da dabba ke neman inuwa da abinci, ƙasar da ke gindinsa kuma ta fi ta kewaye ƙarfi. Wani masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekaru yana nazarin wannan yanki, ya nuna wa duniya cewa yawan jama'a bai ƙarar da itatuwan gonakin Kano ba, domin manoman da kansu ke kiwon su. Ashe ba abin kunya ba ne Bature ya san wannan, ɗan ƙasa mai digiri kuwa ya kasa bambanta marke da ɗorawa?

Wani zai ce ai yawon shan iska a karkara al'adar Turawa ce, kuma ni kwaikwayo nake kira a yi. Wannan magana ba ta san tarihi ba. Da ƙafa fatakenmu suka je Gwanja suka kawo goro. Da ƙafa alhazan da suka ratsa Cadi da Sudan, wasu suka yi shekaru a hanya kafin su ga Ka'aba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zaga ƙasashen Kabi da Zamfara yana wa'azi kafin hijirarsa daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Alƙur'ani mai girma a wurare da yawa ya umurci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba su yi tunani. Hausawa kuma suka ce tafiya mabuɗin ilmi, har Alhaji Abubakar Imam ya sa wa littafinsa na tafiyar da ya yi Ingila a 1943 wannan suna. Abin da muka kwaikwayo daga waje shi ne zama a kujera daga safe har dare. Likitoci kuwa ba su ɓoye mana sakamakonsa ba, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, tafiya da ɗan sauri kuma tana cikinsa.

Duk da haka akwai abin koyi a wurin mutanen Ingila, kuma ba shan iskar ba ne. Su ma ba a banza suka sami hanyoyinsu ba. Ranar 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan samari, yawancinsu ma'aikatan masana'antu daga Mancesta, suka hau tudun Kinder Scout da gangan, wurin da masu ƙasa suka killace don harbin tsuntsaye. Aka kama wasu, aka ɗaure biyar. Ɗaurin nan ya ƙara wa maganar ƙarfi. A 1949 majalisarsu ta yi dokar da ta wajabta wa hukumomin gundumomi su zana kowace hanyar ƙafa ta jama'a a taswira, a 2000 kuma aka yi wata da ta buɗe tuddai da filayen da ba a nomawa ga masu tafiya. Hatta turbar gefen magudanan da dawakai suka riƙa bi suna jan jiragen kaya a zamanin da, yau jama'a ke bin ta, kuma tun 2012 wata ƙungiyar amana ke kula da kimanin mil 2,000 na waɗannan hanyoyin ruwa. Darasin a taƙaice shi ne, hanyar da aka rubuta aka zana tana da mai kare ta a gaban alƙali.

Mu fa? Hanyoyinmu na karkara a zukatan dattawa suke a rubuce. Turbar da ke kai mata rijiya, da wadda ke kai yara makarantar allo a ƙauyen gaba, da burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya, duk al'ada ce ta shata su, kunya da mutunci suka tsare su. Yanzu birni yana cin ƙauye ta kowace kusurwa. Dillali ya zo ya yanka gona filoti-filoti, mai saye ya ja katanga, hanya ta mutu ba a ko yi mata jana'iza ba. Inda burtali ya toshe kuwa, saniya ba ta da fiffike, cikin gona za ta bi, kuma kowa ya san irin jinin da aka zubar a ƙasar nan a kan wannan. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna amana don amfanin jama'a, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da filaye a karkara. Saboda haka akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Abin da babu shi ne masu ilmin da suka san hanyoyin har su yi magana a kansu.

Maganar tsaro ita ce hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini, kuma ba zan raina ta ba. Akwai dazuzzukan da mai hankali ba zai kai kansa ba a wannan zamani, kuma ba na kiran kowa ya je. Amma tsakanin ƙungurmin daji da gonakin Kura, inda ba ka yin taku ɗari ba ka yi sallama da wani ba, akwai bambanci mai yawa. In tsoro ya sa muka ƙaurace wa karkara baki ɗaya, to, mun sallama ta ke nan, mun kuma nuna wa mazaunanta, waɗanda ba su da wurin gudu, cewa ilminmu na cikin katanga ne.

Don haka ina ba Ƙungiyar Ɗalibai shawara ta kafa ƙaramin kwamiti na tafiyar karkara, wanda ba zai ci kuɗi ba sai na motar da za ta kai mutane mafarin hanya. A riƙa fita ranar Asabar ɗaya a wata, daga bayan kaka zuwa ƙarshen hunturu, a tashi bayan asuba, a dawo kafin azahar. Kada a wuce mutum ashirin, kuma a tanadi tsari na mutunci yadda 'yan'uwanmu mata za su shiga hankali kwance. Kafin a je ko'ina a aika wa dagaci ko mai unguwa, a nemi izini da ɗan jagora, don mutanen ƙauye in sun ga baƙi da takarda da alƙalami sukan zaci masu awon fili ne, kuma suna da dalilin zaton. A gai da kowa, kada a taka shuka, kada a tsinki ko ɗan tumatir ɗaya, kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa. Kada kuma zafi ya ruɗi wani ya faɗa magudana wanka, don ruwan da ke kwance irin wannan gidan tsargiya ne, rigakafi kuwa ya fi magani.

Sa'an nan kowace fita ta bar abin da za a nuna. Ɗaliban labarin ƙasa su zana hanyar da aka bi. Na sashen Hausa su rubuta sunayen itatuwa da tsuntsaye da wurare daga bakin tsofaffi, tun kafin sunayen su bi masu su. Na shari'a su binciko matsayin burtali da turba a doka. A ƙarshen shekara a haɗa, a kai kwafi ga ƙaramar hukuma da hakimi, a ajiye ɗaya a laburare. Wata rana, in aka tashi jan katanga a kan hanyar rijiya, mutanen ƙauye za su sami takardar da za su ɗaga.

'Yan'uwana ɗalibai, yawancinmu jikokin manoma ne, kuma da kuɗin gero da gyaɗa aka fara kai iyayenmu makaranta. Gobe a cikinmu za a sami masu sa hannu a takardun filaye, da masu tsara madatsun ruwa, da masu yanke hukunci tsakanin manomi da makiyayi. Zai fi kyau su zama mutanen da ƙurar hanyoyin nan ta taɓa hawa ƙafarsu. Zuwa da kai ya fi saƙo. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiyar da za mu taka ƙasarmu ba fargaba, amin.